Firizar da Ba Ta Karɓar Naman Layya

Ranar Babbar Sallar da ta wuce wasu samarinmu uku suka shigo garejina da cinyoyin rago a leda, suna neman wurin ajiya. Suka tarar da ni a gaban teburi ina naɗa gashin zabo a jikin ƙugiya. Ɗayansu, wanda na halarci sunansa da ƙafata, ya tsaya a kaina kamar minti biyu, ya ce, “Baba Haruna, ashe sana'ar ke nan? Ai wannan izi ne, ba wuya. A waya ma mutum zai koya kafin la'asar.” Na ce masa madalla, Allah ya ƙara basira, ni da yake kaina ya yi tauri shekara uku na yi ina koyo. Sai suka nufi firizata, na ce babu wuri. Suka buɗe, suka ga komai fayau sai 'yan ƙunshin gashi a ƙasa. Sun fita suna magana da Turanci a tsakaninsu, a zatonsu wanda ya shekara talatin da ɗoriya a Greensboro bai san kalmar rowa da Turanci ba. To ga amsarku, samari, tunda ran nan ba ku da lokacin tsayawa.

Sana'ata ɗaura ƙudan ƙarya. Ka ɗauki ƙugiya 'yar mitsitsiya, wata ba ta kai ƙwayar shinkafa biyu ba, ka naɗa mata zare da gashin tsuntsu da gashin dabba har ta koma kamar ƙwaron da ke tashi a kan ruwa. Masu fatsa su saya, su jefa wa wani kifin tsauni da ake kira tirawut, kifin ya ɗauka abinci ne ya cafke. Ni Basarke ne, jinin masunta, ɗan Yauri. Ubana da taru da birgi ya ciyar da mutum goma sha huɗu, giwan ruwan da ya ja da hannunsa sun fi wasunku nauyi. Da na rubuta masa cewa ina yi wa Turawa ƙudaje su kama kifi mai tsawon tafin hannu, su ɗauki hotonsa, su mayar da shi ruwa har da lallashi, amsar da ya aiko layi biyu ce. Ya ce yana gaishe ni, kuma ya sa malamai su yi mini addu'a.

Aikin farko da na yi wa Mista Otis, tsohon da ya koya mini sana'ar, ƙulli ne ɗaya. Karatu ya kawo ni, karatun ya tsaya a tsakiya, na koma ɗaukar kwali a wani sito da ke hanyar Wendover. Ran Asabar nakan tafi wani tafki a wajen Summerfield da gutsuren burodi in kama tarwaɗa, don ni a lokacin ban waye ba, kifin da na kama ci nake yi. Wata Asabar na ga wani tsohon Bature dogo, siriri, yana ta fama ya zura zare a idon ƙugiya, hannu na rawa, tabarau biyu a hanci. Na gaishe shi, na karɓa, na ƙulla masa irin ƙullin gidanmu. Ya ja da ƙarfi, ya sake ja, ya juya shi a rana.

Ya ce, “Wa ya koya maka wannan?”

Na ce, “Babana.”

Ya ce, “Babanka ya iya aiki. Kai kuma bari mu gani. Ka zo gidana jibi, ka wanke hannu.”

Kayan aikin ba su cika kwali ɗaya ba, shi ya sa kuke raina su. Akwai bais, matsin ƙarfe da ke riƙe ƙugiya. Akwai almakashi mai bakin allura wanda in ka yanka takarda da shi sau ɗaya ka kashe shi, da kwarkwaron zare, da ɗan kakin zuma, da allurar ɗiga banish, man da ke bushewa ya riƙe ƙulli. Sai reza. Reza ita ce malamar gidan. Wata biyu na yi ba abin da ya bar ni na yi sai naɗa zare a ƙugiya in warware, ya ce zaren nan sai yatsuna sun san inda zai tsinke kafin shi ya sani. Ranar da na ɗaura dozin ɗina na farko na jera masa su a kan farar takarda, ina jin kaina kamar wanda ya gama ginin masallaci. Ya ɗauka ɗaya bayan ɗaya, ya jefa a kofin ruwa, ya duƙa ya leƙa daga ƙasa, wai yadda kifi zai gani. Sannan ya ɗauki reza ya aske sha ɗaya tas, ya turo mini ƙugiyoyin tsirara. Guda ya riƙe, ya ce ba don ya yi kyau ba, don dai in sami abin da zan duba in ji kunya nan gaba. Haka muka yi shekara uku, duk yammacin Litinin da Alhamis bayan na tashi daga sito.

Abin da ke sa ƙuda ya tsaya a kan ruwa bai nutse ba shi ne gashin wuyan zakara. Ba zakaran da kuke sayowa a leda ba ƙafa ba kai ba. Gashin dole ya zama siriri, dogo, mai tauri, in ka lanƙwasa shi tsirgunsa su miƙe kamar na buroshi. Mista Otis ya yi shekara ashirin da wani abu yana haɗa auren kaji a bayan gidansa har ya fitar da launin da yake so, ruwan toka mai ratsin shuɗi, irin na wani ƙwaro da ke tashi a kogunan tsauni farkon bazara, kamar yadda shinge ke tashi a gida bayan ruwan fari. Ya san kakan kowane zakara da kakarsa, abin da bai sani ba game da surukansa. Da idonsa ya fara gazawa, ya kasa kula da kajin, sai ya yanka na ƙarshe, ya feɗe wuyansu da gashin, ya shanya. Irin ya ƙare ke nan, duk duniya babu inda za a samu kuma sai abin da ya rage a hannunsa, wuya talatin da ɗaya.

Doka ɗaya ya fi nanata mini, har na fara jin haushinta. Abokin gabar mai wannan sana'a asu ne, ƙwaron nan da ke cin tufa a adaka. Duk gashin da ya shigo daga waje, ko daga hannun waliyyi ya fito, sai ya yi mako biyu a firiza, a fito da shi kwana uku ƙwayayen da suka yi lamo su ƙyanƙyashe, a sake mayarwa. Kuma daga shigowar zafi har sanyi ya dawo, wuyoyin zakarun a firiza suke kwana, a fitar da biyu kawai na aiki. Kafur bai yarda da shi ba, ya ce kifi na jin warinsa. Ya kan ce, “Haruna, firizar nan ba ta abinci ba ce. Ko shugaban ƙasa ya zo da kaza, ka ce masa babu wuri.” Ni kuwa ina cewa to, ina dariya a zuci, don a lokacin ban ga abin da zai kawo shugaban ƙasa garejina ba.

A shekarar casa'in da huɗu ya yaye ni. Ya kira ni, ya tura mini akwatin takalmi cike da katuna, kowane kati sunan mai saye da adireshinsa da irin ƙudan da yake so. Ya ba ni makullin akwatin gidan waya, ya ba ni firizar, ya ba ni wuyoyin zakarun. Abu na ƙarshe da ya ba ni shi ya fi duka nauyi: ya ce in bar sunansa a kan katalog, takardar tallar da ake aika wa masu saye, in ci gaba da sayar da ƙudansa mai suna Tokar Otis, wanda saboda shi mutanen suke aiko da wasiƙa tun ina yaro a Yauri ina satar ƙarfasa a kwandon uwata. Mutanen nan ba su san Haruna ba, ba su kuma nemi saninsa ba. Sunan tsoho suke saye da gashin zakarunsa, ni hannu ne kawai. Na san haka, kuma na yi alfahari da zama hannun.

Katalog ɗin shafi shida ne, ni da matata Saude muke naɗewa mu manna kan sarki da yawu har harshe ya yi ɗaci. Babu waya a aljihun kowa a lokacin, mutum zai zauna ya rubuto da biro, kuma tunda ya riga ya ɗauki biro sai ya ba ka tarihin rayuwarsa. Akwai wani likitan haƙori da kowace shekara yake aiko da mataccen ƙwaro a naɗe cikin auduga, gidan waya sun riga sun niƙe shi, ya ce a yi masa irin wannan sak. Akwai wanda ya dawo da dozin guda, ya ce ya kwana biyu a kogi bai kama komai ba. Na duba, duka sha biyun da ganyen itace a jiki. Na rubuta masa cikin ladabi cewa ƙudajenmu na kifin ruwa ne, na saman bishiya ba mu fara yi ba tukuna, Saude ta karɓe wasiƙar ta yaga. Akwai wata tsohuwa a can arewa da ke sayen dozin uku duk bazara, ba ta taɓa kuka da komai ba, ba ta taɓa yabo ba, ita na fi tsoro.

Ni kaina nakan je kogin, don wanda bai taɓa jefawa ba ba zai san abin da yake ɗaurawa ba. Tafiyar awa biyu da wani abu zuwa tsauni, ka sa wandon roba har ƙirji, ka shiga ruwan da ke yanka ƙashi, kana kaɗa sanda gaba da baya kamar mai korar tsuntsu a gonar gero. Ranar farko na kama hulata, na kama kunnena, na kama bishiya huɗu. Amma ranar da na ga ƙudan da na ɗaura da hannuna ya sauka a hankali, ya taho bisa ruwa a tsaye kan ƙafafunsa, kifi ya taso ya tsotse shi ba ko shakka, na ji daɗin da ban taɓa ji a kan wani aiki ba. Na cire ƙugiyar, na sake shi, na waiga ko'ina don kada wani ɗan Yauri ya gan ni.

Mutanenmu na nan kuwa ba su taɓa ɗaukar abin a matsayin sana'a ba. Mai Ƙuda suke kirana. A wurinsu amfanina ɗaya ne, ni ne mai babbar firiza. A lokacin ba mu da yawa, yawanci ɗalibai ne da masu aikin sito a 'yan ɗakunan haya, firjinsu ba ya ɗaukar rabin kaza. Babbanmu shi ne Alhaji Isufu, mutumin Maraɗi. Shi ya ɗauko ni daga filin jirgi ranar da na sauka ban san gabas ba, a falonsa na kwana wata uku, shi ya tsaya mini a matsayin uba da aka ɗaura aurena. Ku da aka haifa a nan kuna iya ce wa irin wannan mutum a'a kuna taunar cingam. Ni ba a gina bakina da wannan kalma ba.

Layyar casa'in da bakwai ta faɗo a watan Afrilu, daidai lokacin da wasiƙu suka fi yawa, zafi kuma ya fara leƙowa. Aka je wata gona a Pleasant Garden aka yanka raguna, ni ban ma tsaya rabon nama ba na dawo kan teburi. Da la'asar sai ga motar Alhaji a ƙofar gareji, bayanta a cike.

Ya ce, “Malam Haruna, barka da Sallah. Buɗe mana firigon nan naka, naman mutum shida ne.”

Na ce, “Alhaji, ai akwai kaya a ciki.”

Ya buɗe da kansa, ya ɗaga ƙunshi ɗaya ya duba. Ya ce, “Gashin kaza? Ƙanena, naman ibada na waje yana shan rana, gashin kaza na cikin sanyi? Kwana biyu ne kawai, kowa zai zo ya kwashi nasa. Kuma ga tsaraba, manomin yana da zabi, Hajiya ta ce ba za a zubar da gashin ba tunda kai abincinka ne.”

Ya miƙo mini buhun leda cike da gashin zabo, an fige shi da hannu, har da ɗumi. Na karɓa da hannu biyu, na yi godiya. Na kwashe wuyoyin zakarun Mista Otis guda ashirin da uku da suka rage a cikin firizar, na jera su a adakar ƙarfe, aka loda nama. Buhun zabon kuma na rasa inda zan sa, ga kyautar babba ba a yar da ita a ƙasa a gabansa, sai na ɗora shi a cikin adakar na rufe. Na san dokar sarai, har na ji muryar tsohon a kunnena. Na ce wa kaina kwana biyu ne.

Kwana biyun Hausawa kun san shi. Alhaji ya yi tafiya gida, ya ce a riƙe masa nasa. Ɗaya ya koma wata jiha ya bar cinyarsa. Sauran kuma suka mayar da garejina kasuwa, kowa ya zo ya yanki na miyar yau ya bar na gobe, wani ma ya ƙaro kifi. Ni ina da wuya biyu na aiki a kan teburi, wasiƙu na zuwa, ina ɗauri ina kai wa gidan waya, kullum in na wuce adakar sai in ce gobe. Zafin garin nan kun san shi, gareji ya zama tanda mai gumi. Sai a watan Satumba aka kwashe ƙashin ƙarshe, na wanke firiza, na jawo adakar. Da na ɗaga murfin wasu 'yan fararen ƙwari suka tashi suka bi fuskata. Na ɗauki wuyan farko, gashin ya zube a hannuna kamar dusa, fata ta rage tsirara. Na ɗauki na biyu, haka. Na zauna a ƙasa na bi su ɗaya ɗaya har ashirin da uku, abin da na tsira da shi rabin wuya ne. Asu ya yi layyarsa shi ma, kuma ya fi mu cin nama mai kyau.

Nan ne ya kamata in tashi in tafi Summerfield gidan tsohon in faɗa. Ban tafi ba, na yi dabara, irin ta masu basirar da ke koyon abu kafin la'asar. Na sayi fararen wuyoyin zakara na kanti, na sayi garin rini, na shiga kicin ɗin Saude da tukunya da ruwan tsami. Mako uku ina gwaji har na fitar da tokar da in ka ajiye ta kusa da ta gaske ni kaina sai na duba sau biyu. Na ɗaura dozin, suka tsaya a kofin ruwa ba laifi. Sai na ce bari in gwada a kan mai abin, in ya wuce a wurinsa ya wuce a wurin kowa. A lokacin idonsa ya kusa tafiya gaba ɗaya, inuwa kawai yake gani. Da wannan na dogara, kuma har yau in na tuna sai na ji kunya ta rufe ni.

Na same shi a baranda da bargo a gwiwa. Muka gaisa, na zuba masa su a tafin hannu, na ce na bana ne, ya duba mini. Ya ɗauki ɗaya ya murza a yatsu. Ya kai shi leɓensa na ƙasa ya goga gashin a hankali, ya shinshina. 

Ya ce, “Wannan ba zakarana ba ne. An dafa shi.”

Ya juyo da fuskarsa wajen da nake.

Ya ce, “Ina zakaruna, Haruna?”

Na faɗa masa duka, da ragon, da zabon, da kwana biyun. Na so ya yi faɗa, ya zage ni, in samu sauƙi. Ya juya ƙudan a hannunsa kawai.

Ya ce, “Asu ya taɓa cin nawa, ina saurayi. Duk mai wannan aiki sai ya ci masa sau ɗaya. Da abin da ka zo faɗa mini ke nan, da mun sha shayi.” Ya miƙo mini hannunsa da ƙudajen a ciki. “Amma wannan ba asu ne ya ɗaura ba. Kai ka ɗaura, ka kawo wa makaho.”

Na ce, “Mista Otis, ka yi haƙuri.”

Ya ce, “Ka cire sunana daga takardarka. Ka ɗaura abin da kake da shi, ka sa naka sunan, in mutane sun saya sun saya.”

Ko rezarsa bai nema ba. Wannan ya fi komai yi mini ciwo, don duk shekarun nan ban taɓa kawo masa aiki ya ga bai cancanci ko askewa ba sai ran nan.

Shekarar da ta biyo ita ce muguwar shekarata. Na zauna na rubuta wa duk wanda ke cikin akwatin takalmin nan da hannuna cewa Tokar Otis ta ƙare, ta ƙare ne ta sakacina, kuma sunan da za su gani daga yanzu nawa ne. Yawancinsu ba su amsa ba, sun dai daina aikowa. Likitan haƙori ya rubuto shafi biyu yana yi mini ta'aziyyar kaji, bai sayi ko ɗaya ba. Na koma cikakken aiki a sito, ina zuwa gidan waya in buɗe akwati in tarar da tallar katifa. Abin da nake da shi a hannu gashin zabo ne, don na koma gonar nan na sayo sabo, na bi da shi ta firiza yadda aka koya mini, da ulun rago da wutsiyar kurege. Gashin zabo laushi gare shi, ba ya tsayawa a kan ruwa, sai na daina faɗa da shi na ɗaura ƙudan da ke nutsewa kaɗan yana motsi kamar mai rai. Na kai shi kogi duk hutun da na samu, na aske, na sake, har kifi suka fara yarda. Na sa masa suna Zabon Yauri. Tsohuwar nan ta arewa ce ta fara saye, dozin uku, ba yabo ba kuka. Summerfield kuwa na je sau biyu, 'yarsa ta ce yana hutawa.

Da layya ta zagayo, motar Alhaji ta sake tsayawa a ƙofar gareji. 

Ya ce, “Malam Haruna, buɗe firigo.”

Na ce, “Alhaji, ka gafarce ni, babu wuri.”

Ya buɗe. Rabin wuyan zakara a ƙunshe, da 'yan ledojin gashin zabo a kusurwa, sauran duk iska. Ya dube ta, ya dube ni.

Ya ce, “Wannan ne babu wurin?”

Na ce, “Shi ne, Alhaji.”

Ya ce, “Ni ne fa Isufu.”

Na ce, “Na sani, Alhaji. Ko gidan kake so in fita in bar maka, amma ban da nan.”

Ya rufe murfin a hankali ya tafi da namansa. Wata huɗu bai amsa sallamata da kyau ba, gari ya ɗauka cewa Mai Ƙuda ya zama Bature. Daga baya muka shirya, ya sayi firizarsa, har ya rasu yana ce mini maigadin gashin kaza. Ban taɓa jin nauyin wata kalma a bakina kamar a'ar ran nan ba, kuma a ganina ran nan na gama koyon sana'ar, shekara huɗu bayan an ce an yaye ni.

Bayan Sallar da 'yan makonni na buɗe akwatin gidan waya na tarar da ambulan mai adireshin Summerfield. Takardar odar katalog ɗina ce, an cike ta da manyan haruffa masu hawa da sauka, wasu sun fita daga layi: Zabon Yauri, dozin ɗaya. Ba gaisuwa, ba komai. Mutumin da ba ya ganin kofin da ke gabansa, balle kogi. Ban san wa ya ba shi labari ba, ban kuma tambaya ba. Kwana huɗu na yi a kan dozin da nake gamawa cikin awa guda, na aske fiye da talatin da hannuna kafin na zaɓi sha biyu na aika.

Bayan mako guda wata ambulan ta zo, 'yar ƙarama, kamar babu komai a ciki. Na zazzage ta a tafin hannuna. Ƙugiya ɗaya ce, an aske ta tas da reza, an manna ta a jikin kati. A ƙasa ya rubuta, “Kan ƙudan ya yi girma.” Na sake girgiza ambulan ɗin, na leƙa ciki, na yage ta har ƙasa. Sha ɗaya ya riƙe. Na tsaya a gidan waya ina hawaye, mutane na kewaye ni da kwalayensu.

Ya rasu da sanyin shekarar. Ƙugiyar tana nan manne a bangon da ke saman teburina, kai mai koyo kafin la'asar a ƙarƙashinta ka tsaya ran nan ba ka gan ta ba. In da gaske kuna son koyo, ku zo ran Litinin, ku wanke hannu, reza tana nan. Cinyar ragon kuwa ku kai gidan wani, nan babu wuri.